Masu koyar da adalci a wurin aiki sun zo makarantarmu: rabin aikinsu ya ci kuɗinsa, rabi kuwa sai a hankali

Jama'a wannan rubutun na masu makarantu ne da masu asibitoci da shugabannin ƙungiyoyi a nan Zariya, waɗanda aka fara kawo wa tallan bitar nan ta adalci da daidaito tsakanin ma'aikata, domin na lura tun da Trump ya rufe USAID, hukumar agaji ta Amurka, a 2025 kuɗin waje ya ja baya, kamfanonin da ke cin abinci a wannan hanyar sun sauko daga Abuja suna bin ƙananan wurare irin namu. Ni ma'aikacin ofishin kuɗi ne a wata makaranta mai zaman kanta, daga nazare har sakandare, kuma mun ɗauki ɗaya daga cikinsu. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, ba kuma zan faɗi na makarantar ba, mai son sani ya yi haƙuri. In maki ake so in bayar, uku cikin biyar, kuma ukun nan kusan duk na ɓangare ɗaya ne.

Ba wai Alhaji mai makarantar ne ya tashi da safe ya ji yana son adalci ba. Wata ƙungiya ce za ta ɗauki nauyin karatun wasu marayu a wurinmu, sai ta ce sai mun nuna rubutacciyar ƙa'ida kan kare yara da rashin nuna bambanci, da shaidar an horas da ma'aikata. Shikenan aka nemo waɗannan. Su uku suka zo, wata Hajiya 'yar Kaduna ita ce shugabar, da wani matashi mai laftof da ke rattaba Turanci, da wani malami a keken guragu wanda da farko duk mun ɗauka rakiya ya yi. Kwangilar kashi uku ce, bita a zaure, sai binciken makarantar da kanta wato takardu da gini, sai su rubuta mana ƙa'ida su dawo daga baya su ga ko an yi aiki da ita.

Bitar zauren ita ce inda na ce sai a hankali. Matashin nan ya kunna firojekta, abin da ya fara fitowa hoton nan ne da ya zagaye intanet, mutum uku tsaye a bayan shinge suna leƙen wasa, dogo da matsakaici da gajere, a gefe ɗaya kowa an ba shi akwati guda ya taka, a ɗaya gefen an ba gajeren biyu dogon ba a ba shi komai ba. Wannan kam ba laifi, kowa ya gane, raba daidai daban ba kowa abin da zai ishe shi daban. Amma daga nan sai muka tafi Amurka muka ƙi dawowa. George Floyd da ɗan sanda ya kashe a Minneapolis a 2020, baƙar fata da farar fata, yadda ake hana baƙaƙe gidan haya, sai wata farfesa Kimberlé Crenshaw da bayaninta na 1989 cewa mace baƙar fata tana shan wariya iri biyu a haɗe wadda doka ba ta gani in ta duba ɗaya-ɗaya. Duk gaskiya ne kuma Allah ya sani abin tausayi ne, sai dai zauren nan babu farin mutum ko ɗaya, duk mu ne, Bahaushe da Bafulatani da Bayarabe da Inyamuri da Bajju da Atyap, kuma mun san sarai inda takalmi ke matsa mana, amma silaid ɗin ko sau ɗaya bai ambaci kalmar indijin ba, wato ɗan asalin gari.

Sannan Turanci. An tara kowa har da masu shara da masu gadi da direbobin bas, wanda na yaba, to amma me amfanin tara su in ba sa jin abin da ake cewa? Baba mai gadi yana can baya ya kafa wa allon ido, da aka fita shan shayi na ce Baba ya kake gani, yace ɗan nan ni dai na ga hotuna. Sai da Hajiyar ta lura ta karɓi makirfon ta riƙa juyawa da Hausa, kuma gaskiya ta iya, Hausarta ta gida ce, amma da ka ji ka san ba a shirya hakan ba, takardun da aka raba duk Turanci ne.

Abin da ya fi ɓata min rai wani wasa ne da suka sa mu yi a filin asambali. An jera mu layi ɗaya, ana karanto tambaya, in mahaifinka ya yi boko taka ɗaya gaba, in ka taɓa kwana da yunwa taka ɗaya baya, in an taɓa koro ka saboda kuɗin makaranta baya, in gidanku akwai mota kana yaro gaba. Wai don a ga ba daga wuri ɗaya kowa ya faro ba. To wa bai sani ba? Da aka gama firinsifal yana can gaba kusa da tuta, Inna mai shara tana jikin katanga ta sunkuyar da kai tana jan bakin mayafi. A al'adarmu talauci abu ne da mutum ke rufawa, matar nan shekara da shekaru tana zuwa aiki fes da ita ba wanda ya san cikinta, rana ɗaya an sa ta tona da ƙafarta a gaban yaran da ta haifi kamarsu. Masu gaba sun koyi darasi, ita ce aka yi darasin da ita. In za ku ɗauki irin waɗannan mutanen ku ce musu wannan wasan a cire, ko a ba kowa katin wani mutum na ƙirƙira ya taka a madadinsa.

Inda zauren ya yi rai malamin tarihinmu ne ya jawo. Ya ɗaga hannu yace Hajiya a yi min afuwa, garin nan da kuke ciki Turawa da kansu suka yanka shi, 'yan gari a birni cikin ganuwa, baƙin Arewa a Tudun Wada, mutanen Kudu da jirgin ƙasa ya kawo a Sabon Gari, su kuma suna GRA, kuma har gobe da an ji unguwarka an gama yanke maka hukunci. Yace akwai jikan wanda ya zo aikin reluwe, an haifi ubansa a Sabon Gari an haife shi a Sabon Gari, garin kakansa ko hanya bai sani ba, amma ranar neman gurbin karatu ko aikin gwamnati sai a ce ya je can ya karɓo takardar asali. Akwai Bahaushe Kirista na Wusasa, inda Gowon ya tashi, wanda a wani wuri ba a yarda shi Bahaushe ba ne a wani wurin kuma ba a sake jiki da shi a matsayin Kirista. Ya kawo Hajiya Gambo Sawaba, da aka haifa a 1933 ta rasu a 2001, mahaifinta mutumin Gana mahaifiyarta Banufiya, ta shiga NEPU tana yarinya, an ɗaure ta ana cewa har sau 16 kan 'yancin talaka da ƙuri'ar mata, a lokacin da matan Arewa sai 1979 suka fara jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa, ga babban asibitin Ƙofar Gayan can da sunanta, yace yau da za ta je neman indijin wa ya san abin da za a ce mata.

Wallahi zauren ya kaure, kowa na son magana, wata malama 'yar Kudancin Kaduna ta ce ita shekarunta a makarantar sun fi na mutum biyu da aka ɗora a kanta, wani kuma ya ce shi ma a Abuja an hana shi aiki don sunansa. Hajiyar ta riƙe abin da kyau, ba ta bari ya koma faɗan addini ba, ta kawo sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 da ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko wurin asali ko jinsi ko addini ko ra'ayin siyasa, ta kuma nuna yadda sashe na 14 da ke maganar raba muƙamai tsakanin jihohi, wanda aka yi don kada wasu su cinye komai, shi ne kuma ya ba takardar asali ƙarfin da take da shi. Sai matashin ya fara nuna agogo wai akwai sauran silaid. Aka katse mu aka koma kallon allo. Wannan ya nuna min kayan a shirye suke sayar da shi, duk inda suka je shi ne dai.

Yanzu ɓangaren da ya ci kuɗinsa.

Malamin nan na keke, ashe shi ne mai binciken gini, kuma bai zo da firojekta ba, awo ya zo da shi irin na magina. Yace ba ya son a tura shi, a bar shi ya shiga makarantar kamar ɗalibi. Daga get ya maƙale, ƙaramar ƙofar tana da dakali a ƙasa sai da aka buɗe babbar ta motoci. Muna da gangara a gaban ofis da muke alfahari da ita, birkila ya zuba mana ita shekarun baya, malamin ya gwada hawa keken ya nemi ya kifa da shi ta baya. Ya auna ya ce ƙa'idar ita ce duk tsayin taku ɗaya a ba shi tsawon taku 12, tamu ko rabi ba ta kai ba, wato an yi ta ne don ido. Ƙofar banɗaki keken bai shiga ba, kuma ko ya shiga na tsuguno ne babu abin kamawa. Laburare da ɗakin kwamfuta duk suna bene. Sai ya tambayi firinsifal cikin sanyin murya, ranka ya daɗe ɗalibai nawa kuke da su masu keke, aka ce babu ko ɗaya, yace to ga dalilin nan na nuna muku.

Shi ya bayyana mana dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Wanda aka kama da nuna wariya in mutum ne tarar naira 100,000 ko wata shida a gidan yari ko duka biyun, in kamfani ne naira miliyan ɗaya, ma'aikatun gwamnati kuma an ce su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Bai tsorata mu da ita ba, shi da kansa yace ku zaga ofisoshin gwamnati ku gani ko su sun bi. Abin da ya burge ni ya raba mana gyaran gida biyu, mai cin kuɗi da wanda ba ya cin ko sisi, kuma na biyun ya fi yawa. A sauko da laburare ƙasa a mai da sito sama. Yarinyar nan zabiya da ke aji biyu na ƙaramar sakandare, an zaunar da ita baya saboda tsayi alhali zabiya yawanci ba sa gani daga nesa, a dawo da ita gaba nesa da hasken taga, a bar ta ta sa hula da riga mai dogon hannu a daina tsayar da ita a rana lokacin asambali saboda ciwon dajin fata. Akwai wani uba kurma da ke zuwa taron iyaye ya zauna har a tashi, a nemo mai maganar hannu ko a rubuta masa abin da aka yanke. Malamin ajin yarinyar zabiyar sai da ya ce shi ya ɗauka rashin ƙoƙari ne ke sa ta kwafi rubutu ba daidai ba.

Hajiyar kuma ofishinmu ta zauna, ta ce a ba ta takardar albashi da fayil ɗin ɗaukar aiki da rostan aiki. A nan na ga gwaninta. Ta rufe sunaye da takarda, ta jera mutane bisa shaidar karatu da shekarun aiki da yawan darasi a mako, sannan ta buɗe albashin. Malamai biyu duk masu NCE, shekarar shigarsu ɗaya, ajinsu ɗaya, amma tsakaninsu akwai rata mai kyau, da aka bi diddigi sai aka ga ɗaya wani aminin Alhaji ne ya kawo shi ɗayar kuma da kanta ta kawo takarda ta karɓi abin da aka faɗa mata ba ta yi ciniki ba. Ba mutum biyu ba ne kawai, da ta gama jerawa abin ya fito fili, wanda ke da uwa a gindin murhu yana sama, matan nazare suna ƙasa ko da takardarsu ta fi. Ni nake biyan albashin nan duk wata, amma jere yake bisa harafin suna, ba a taɓa jera shi haka ba.

Ta tambayi hutun haihuwa aka ce ai muna ba da arba'in, kuma ba albashi. Ta buɗe dokar ƙwadago sashe na 54, mako shida kafin haihuwa mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Ta ƙara da cewa gwamnatin jihar Kaduna tun 2019 wata shida take ba ma'aikatanta mata. Ta zo kan mafi ƙarancin albashi, naira 70,000 tun Yulin 2024, an keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, mu kuwa mun wuce haka nesa, kuma masu sharanmu da masu gadi da ma wasu malaman ba su kusanci wannan kuɗin ba, an dai rubuta su a matsayin 'yan wucin gadi shekara da shekaru. Rosta ma ta duba, ta ga ana sa taron malamai ranar Juma'a dab da masallaci wani lokacin kuma darasin ƙari ranar Lahadi da safe, ba da mugunta ba, wanda ya tsara ne bai tuna da kowa ba sai kansa. Da yadda ake kiran sunayen yaran da ba su biya kuɗi ba a asambali, ta ce bashin na uba ne me ya sa yaro zai sha kunyar. Da akwatin koke da ke manne a ƙofar ofishin firinsifal, makullin kuma a aljihunsa.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Rahoton Alhaji kaɗai aka miƙa wa, tunda shi ya biya. Mu da muka buɗe baki muka faɗi cikinmu ba mu ga ko shafi ɗaya ba sai taƙaitaccen da aka karanta mana, kuma da yake ta hannuna takardar biyan kuɗinsu ta bi na samu na leƙa cikakken. Maganar gini tana nan dalla-dalla har da zane. Maganar albashi kuwa, wadda Hajiya ta faɗa mana gar da gar a ofis, ta koma layi biyu masu laushi, wai ana ba da shawarar a sake duba tsarin biyan ma'aikata idan hali ya yi. Ban ce ta ci amana ba, kasuwa take yi, wanda zai sa hannu a cek ɗinta kuma ya faɗa wa sauran masu makarantu ko ta iya aiki shi ne wanda ya kamata ta faɗa wa magana mai ɗaci. Amma malamar da ta yi magana a zaure ita ta rage a makarantar tana haɗa ido da firinsifal kullum, su sun hau mota sun koma Kaduna.

Dawowar da aka yi alkawari ma ta zama saƙon WhatsApp, a turo hotunan abin da aka gyara. Aka tura hoton gangara sabuwa, aka turo mana satifiket mai ruwan zinari kowa da sunansa, har Baba mai gadi, ƙungiyar marayu ta gamsu. Wasu masu bincike, Frank Dobbin da Alexandra Kalev, sun bi bayanan ɗaruruwan kamfanonin Amurka na shekaru masu yawa, suka wallafa a 2016 cewa bitar dole ita kaɗai ba ta cika canza waɗanda ake ɗauka ko ake ƙara wa girma ba, wani lokacin ma baya abin ke komawa, abin da ya fi aiki shi ne a ɗora wa wasu mutane takamaimai alhakin bin lamarin ana duba alƙaluma. A can ma kenan da aka ƙirƙiro sana'ar.

Abin da ya canza a wurinmu, an fasa gangarar an sake zubawa, laburare ya sauko, yarinyar tana layin gaba da hularta, an daina kiran suna a asambali sai a ba yaro takarda a ambulan ya kai gida, taron malamai ya koma Laraba, akwatin koke ya koma bayan ɗakin malamai makulli biyu ɗaya a hannun wata malama. Hutun haihuwa ya zama mako 12 da rabin albashi, wannan kam Alhaji ya yarda da ya ji doka ce. Albashi yana nan yadda yake. Inna mai shara har yau 'yar wucin gadi ce.

Kuɗinsu ba kaɗan ba ne, ya haura albashin wata na malamai da dama a haɗe, ban da masauki da abinci da muka ɗauka, kuma da na duba yadda suka kasa shi bitar zauren ce ta fi cin kaso, binciken da ya fi amfani shi ne mai araha. Don haka in sun zo muku ku juya cinikin. Ku ce binciken za a fara yi, duk abin da za a tattauna a zaure daga abin da aka gano a gidanku za a ɗauko shi ba daga laftof ba, da Hausa da Turanci, kuma masu shara da direbobi a zauna da su daban ba a gaban oga ba don ba mai faɗin gaskiya mai biyansa na kallonsa. Ku tambaya ko mai binciken gini shi kansa yana amfani da keke ko sanda, in ba haka ba ku nemi wani daga ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta gari ya zaga da su. A rubuta a yarjejeniya cewa wakilan ma'aikata za su karɓi rahoto iri ɗaya da na mai gida, kuma a riƙe wani kaso na kuɗin sai sun dawo da ƙafarsu bayan zango ɗaya. Na san mai makaranta ba zai so sharaɗin rahoton ba, shi ya sa in ƙungiya ce ta turo ku yin bitar, gara a samu ita ta sa sharaɗin daga can.